Buhun Riɗi Biyu

Ranar da Ustaza Mahasin ta buɗe gidauniya a Gadarif,
masu motoci suka zuba fam.
Ni riɗi na kai, buhu biyu, a amalanken jaki.
Ta rubuta sunana da jan biro.

Yau bene ya miƙe bayan kasuwar dawa,
aji goma sha huɗu, fenti bai bushe ba.
Nakan tsaya ina ƙirga tagogi:
wacce ce tawa?

Batula ba za ta zauna ciki ba.
A tsohon gini mai yoyo ta gama,
jibi sai jami'a, Madani.
Na ce, "Kin yi sammako, ginin ya makara."
Ta nuna ƙaninta:
"Baba, ga Tayyib can yana cin alli."