Inda Nake Ɗauko Su

Ni ba likita ba ne.
Ɗan kabu-kabu ne, shekara goma sha ɗaya bisa sirdi.
Daga Kasuwar Dole zuwa ƙofar babban asibiti
kowane rami na san shi, shi ma ya san ni.
Amma in kana son jin cutar da ke yawo a Damagaram,
kada ka buɗe takarda,
tambayi bayana.

Zafin jikin yaro yakan ratsa rigata
ya zauna tsakanin kafaɗuna.
Idan damina ta yi tsaka,
tabkin bayan unguwa ya cika ya yi kore,
leda na iyo a kai kamar baƙaƙen agwagi,
to daga nan nake ɗauko su:
uku kafin hantsi, ɗaya bayan lisha,
kai na lilo, ido ya kafe.
Sauro ba ya biyan haya,
amma unguwar tasa ce.

Rani kuma da nasa salo.
Famfo ya yi gum kwana tara,
'yan ga-ruwa suka turo kura daga inda Allah kaɗai ya sani,
jarka rawaya, ruwa launin shayi.
Harira mai ƙosai ta saya. To ta yi yaya?
Ƙishirwa ba ta jiran a tace.
Da asuba na ɗauke ta da ɗanta Ilu,
ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma.
Sau biyu muna tsayawa a hanya.

Tsoho Barmu na majema, hannu ya rine,
tarinsa ya fi maganarsa yawa.
Ya ce, Nomau, bi a hankali,
can ɗin ma layi za mu tarar.
Muka bi ta gefen jujin da ake ƙonawa,
hayaƙin roba ya tare mu kamar jandarma.
Ya toshe hanci da hula, yana dariya:
ai wannan ma maganin sauro ne,
sai dai bai san sauro da mutum ba.

Ƙanena na Maraɗi, sana'armu ɗaya.
Mukan yi waya in ƙafa ta ɗauke.
Ya ce su ma daga bakin kwata suke lodi.
Abokinmu ya dawo daga Kano ƙirjinsa na busa sarewa,
wanda ya je Yamai ya dawo da irin labarin.
Gari da gari suna ne ya bambanta,
lambatu in ya toshe harshe ɗaya yake yi.

Akwai wani layi a Birni, bayan manyan duwatsu,
ban taɓa ɗauko kowa can ba sai mai naƙuda.
Wata tsohuwa, Magaram, ta dasa dogon yaro bakwai.
Kullum safiya tana waje da tsintsiya da baki,
bakin ya fi tsintsiyar shara.
Zuba ruwan wanki a hanya, ka ji sunan kakanka.
Yara na tsoronta.
Yaran suna nan dai, suna tsere da ƙafafunsu.
A layin nan kasuwata ta mutu,
ban kuwa taɓa jin haushi ba.

Daren jiya 'yata Tsahara ta yi tari.
Na tashi zaune cikin duhu ina ƙirgawa.
Sai na tuna baƙin hayaƙin da nake bari a baya
duk sa'ad da na murɗa wuta da marar lafiya:
ina kai ɗaya asibiti,
ina shuka wa goma.

Yau ban yi sammako ba.
Na tura babur wurin Lawali makanike,
na ari shebur,
na tsaya kan kwatar ƙofar gidanmu,
wadda shekara uku nake tsallakewa.
Maƙwabci ya leƙo ta katanga:
Nomau, yau ba aiki?
Na naɗe ƙafar wando.
Na ce, ga shi kuwa.