Shafi na Sha Bakwai

Tun ranar da aka rufe makarantu
na daina bi ta layin Baba Garga.
Daga Yelwa zuwa babbar kasuwa hanya a miƙe take,
amma sai in kewaya ta bayan gidan mai,
ranar Garwa tana dafa mini ƙeya,
don kada ya ɗago hannu ya ce,
"Malam, na ajiye maka naka."

A makarantar kuɗi nake koyarwa.
Ba yara, ba albashi.
Mai makaranta ya ce mu yi haƙuri,
sai ka ce haƙuri ana auna shi a mudu.

Asta ta zazzage gwangwanin madara a kan tabarma:
jikka tara da 'yan canji.
Ta kasa su: dawa, gawayi, sabulu, kuɗin ruwa,
da kashi guda da ba ta kira sunansa ba,
na ranar da ɗayanmu zai fara tari.
Babu kashin littafin zane.
Ni ma ban tambaya ba.

Ai ga su a waya, kyauta.
Ƙanena ya turo mini talatin a dare ɗaya.
Na karanta da yatsa biyu, ina buɗa fuskokin jarumai,
ina ce wa kaina wannan dabara ce, ba cin amana ba.

To amma ni na san bencin nan.
A kansa na koyi Faransanci,
ba a aji ba, daga bakin mutanen da aka zana,
masu magana a cikin ƙwai-ƙwan hayaƙi.
Dala biyar ne hayar littafi zuwa la'asar.
Ran da ba ni da ita, sai Baba ya juya baya
ya shiga kakkaɓe kantar da ba ta da datti
har in kai shafin ƙarshe.

Azumi ya kama mu a haka.
Rana ta shida na sayo ƙosai wurin Dada Kulu,
na dawo na kwance ƙunshin a gaban Asta,
sai ga wani mutum a kan kwalekwale,
mai ya jiƙa shi har wuya,
bakinsa a buɗe, rabin maganarsa a yage.
Shafi na sha bakwai.
Na san shi. Na san abin da zai faɗa.
Har tabon shayin da na yi masa ina ɗan shekara goma
yana nan a kusurwa.

A kilo yake sayar da su yanzu, in ji Dada Kulu.
Takardar tana da kyau, ba ta yoyo.

Na sha ruwa, ƙosan ya ƙi wucewa.

Washegari na bi miƙaƙƙiyar hanya.
Ga bokiti mai famfo a ƙofa, ga guntun sabulu,
ga shi can ciki, takunkumin atamfa ya cinye masa fuska,
idanu kawai suka rage, su ma sun faɗa.
Kanta uku babu kowa a kansu.
Bai ce ina na shiga ba.
Ya ce, "Wanke hannu, kada ka ɓata mini bango."

Ɗaya na saya. Jikka ɗaya da rabi.
Na san ba za ta biya masa haya ba,
na kuma san daga wane kashi na zaro ta.

Asta ta dubi littafin, ta dubi gwangwanin,
ta ce, "Sati biyu ba nama."
Na ce na ji.
Ta ce, "In tarin ya zo fa?"
Wannan ba ni da amsarsa, har yau.

Da tsakar dare na farka, ba wuta,
zafi ya hana ko sauro tashi.
Na hango ta a bakin ƙofa da tocilan a haƙora,
tana juya shafi a hankali,
da hannun da ta wanke.