Karatun Bindi

A Nakhon Pathom, bayan gidanmu,
kwalabe dubu uku ne jere a ƙasa,
tsoffin kwalaben barasa, an wanke, an cika da ruwa,
kowace da kifi ɗaya tal,
don maza biyu ba sa kwana ɗaki guda sai an fitar da gawa.

Shekara arba'in babana Thongbai yana tsugunne a tsakaninsu.
Yanzu yanar ido ta sauko masa.
Sai ya zauna kan bencin gora,
ya ce, "Namfon, ɗauko, ki karanta mini.
Amma ba a karanta kifi yana hutawa.
Zare kwalin da ke tsakani, ya ga maƙwabcinsa.
Sai ransa ya ɓaci
yake shanya abin da ya mallaka."

Na zare.
Na farko ya buɗe, bindin ya zubo ƙasa,
dogo, a karkace, kamar gyale a kafaɗar mai sauri.
"Mai mayafi ke nan," in ji shi.
"Shi 'yan makaranta ke saya a leda da kuɗin tara."

Na biyu ya miƙe sama da ƙasa sak,
kamar an raba faifai biyu da wuƙa.
"Ɗora bakin kati a jikin kwalbar.
Ya kai layi? To, rabin wata ne.
In ya gaza ko da faɗin gashi,
kada ki cuci mai saye:
mai kusurwa ne, watansa bai yi kwana bakwai ba."

Na ga tagwayen bindi, tsagar ta kai har tushe.
Na ga mai fure, ninki kan ninki,
yana jan kansa a ruwa kamar mai jiƙaƙƙen bargo.
Na ga plakat, guntu, babu ado,
duk ƙirji ne da baki.
Babana ya yi dariya.
"Kakansu ke nan. Irinsa nake kamawa ina yaro
a sawun ɓauna, cikin fadamar shinkafa, bayan ruwa ya ɗauke."

Can a lungu wani shuɗi ya buɗe,
bakin bindinsa tsini-tsini.
Na ce, "Kambi!"
ina jin daɗin na riga shi faɗa.

Bai yi dariya ba.
"Ƙirga ƙayoyin. Tsawonsu ɗaya?
Tazararsu ɗaya, kamar haƙoran mataji?"
Na ɗaga kwalbar ga rana.
"A'a. Nan dogaye ne,
nan kuma kamar ɓera ya gutsura."

Ya daɗe bai ce komai ba.
Injin iska na ta ɓuɓɓuga a kwatarniya.

"Kambi da shi ake haihuwa.
Wannan rabin wata ne da kaya suka yi wa nauyi,
ya juya cikin dare ya ciji kansa.
Ni na ɗora masa.
Shekara goma ina zaɓen uwa, ina zaɓen uba,
ina neman faɗi,
ban taɓa tambayar wa zai ja shi ba."

Na jefa masa busasshen ganye
har ruwan ya rine kamar shayi,
na kai shi inda babu madubi, babu maƙwabci.
"Zai tsiro?"
"Zai tsiro. Sabon garai yake fitowa, kamar ɓawon albasa.
Launi sai daga baya, in ya ga dama."

Motar Bangkok ta zo da la'asar.
Na rubuta wa kowace leda sunanta, ɗari huɗu da sha biyu.
Ta shuɗin na bari ba rubutu.

Da dare babana ya ce in kai masa plakat bakin gado.
Na ce, "Ai ba ka ganinsa."
Ya ce, "Ina jin sa
in ya taso shan iska."