Neman Nomau a Takarda

Muntari ya dawo daga Ingila da labari,
muna benci a Ƙofar Marke, shayi na hucewa.
Ya ce can ma suna da ɓarawon kirki,
mai koren tufa, mai baka, mazaunin kurmi,
ya kwashe na mai ƙiba ya kai wa mai tsumma.
Malamansu sun tsufa suna tonon takardun kotu,
sun tarar da masu sunan da dama,
ba su san wanne ne shi ba.
Wataƙila ma babu shi.

Na yi dariya, dariyar ta maƙale a wuya,
don ni ma ina da nawa.

Inna Tumba ta ba ni shi tun ban iya ɗaura wando ba:
Nomau na dajin Gundumi,
wanda ke tare masu karɓar jangali a mashaya,
ya kora shanu su koma rugarsu kafin asuba.
Gwauruwa ta farka ta ga damin gero a ƙofa,
da ƙullin gishiri, ba sawun kowa.
Dokin dogari ya bi shi har bakin Rima,
ya tsaya, ya ƙi ruwa, ya ƙi linzami.

Ran Talata na hau acaɓa zuwa gidan ajiyar tarihi.
Malam Sahabi ya lashi yatsa, ya buɗe kundin alƙali,
ajami ja da baƙi, warin tsohuwar tawada.
Nomau na farko akuya ya sata, an yi masa bulala.
Na biyu bashin jaki ya kawo shi, ya rantse, ya tafi.
Na uku agana ta ɗauke shi kafin a yanke hukunci.
Na huɗu kuwa gara ta riga ni.
Ta bar harafi biyu na farkon sunan,
sai rami.
Na ɗaga shafin wajen taga,
ta cikin ramin na hango mai rake yana ba da canji.

Na koma gida da yamma na ce, Inna, ban same shi ba.
Tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka nema ga alƙali?
Alƙali wanda anka kama shika rubutawa.
Nomau ba a kama shi ba."

Na ce, to wa ya gan shi?
Ta ce kakarta.
Na ce, da idonta?
Ta ce, "Da cikinta. Shekarar yunwa ce."

Na yi shiru.
Ban gaya mata abin da Muntari ya ce ba,
wai talaka in wuya ta kai masa iya wuya
yakan sassaƙa mutum da bakinsa,
ya rataya masa kwari, ya tura shi daji.

Dajin yana nan.
Masu kwana cikinsa yanzu ba sa ajiye gero a ƙofar kowa.
Bara gonar fadama muka sayar
muka fanso Ige da goyonta.
Tun ranar Inna ba ta sake ba jikoki labarin ba,
in sun roƙa sai ta ce bakinta na ciwo.

Amma a ƙasan kwallarta, cikin tsumman saƙi,
akwai kan kibiya, tsatsa ta cinye gefe guda.
Na kai wa Ɗanjumma maƙeri a ɓoye.
Ya juya shi, ya sansana, ya ce tsohon ƙarfe ne,
irin na tama, ba na mota ba.
Na ce, na wane ne?
Ya ce ƙarfe ba ya faɗin sunan mai shi.

Na mayar kafin ta idar da sallar la'asar,
na naɗe tsumman yadda na same shi,
ƙulli biyu, na biyun sako-sako.