Kube

Da hantsi Alhaji Kyari ya shigo rumfata,
nan bayan Kasuwar Dole, inda warin jima ke korar baƙo.
Ya kwance ƙyalle bisa tabarma a hankali
kamar mai nuna jariri ranar suna.
Ƴar bindiga ce, baƙa wuluk, tana ɗaukar ido.
Ya ce, "Nomau, auna ta, kube nake so."
Ya zaro takardar izini ya nuna mini hatimi,
ni da ban tambaya ba.

Wai ƙarfen ba zubi ba ne, daga curi guda aka sassaƙo shi.
Wai ƙotar itacen wata ƙasa ce mai sanyi,
bishiyar ta girmi kakansa.
Wai ko rairayin Tanut ya shige ta, ba ta cijewa.
Miliyan biyu da rabi.
Sau biyu ya faɗa, don mai takalman gefena ya ji.

Na ɗauka. Haushi ba zai sa ni ƙarya ba,
hannu ya san aiki ko da zuciya ba ta so.
Na bi mahaɗinta da farce, farce bai sami ƙofa ba.
Ba kaushi, ba karkata,
ba wurin da maƙeri ya gaji ya ce ya isa haka.
Wanda ya ƙera ta bai yi aiki yana duban rana ba.
Ni ma na san wannan:
fatar jan akuya da ta sha bagaruwa ta ƙoshi,
ta sha karan dafi har cikin tsoka,
ba ƴar uwar ledar da ake liƙawa da gam ba ce.

Amma makon jiya Ajudan Tankari ya zauna nan,
shekara ashirin da uku yana tsaron hanyar Magariya.
Tasa ta hukuma ce, fenti ya koɗe,
gefenta ya yi furfura kamar gemunsa,
in ka girgiza ta sai ta amsa maka.
Na ce, sau nawa ta yi magana?
Ya ce sau biyu:
ɗaya ga mahaukacin kare a Takyeta,
ɗaya ga sama, wadda ba ta yi masa laifin komai ba.
Kube huɗu ta cinye a hannuna,
ita tana nan.

Na ce wa Alhaji jaka goma sha biyu.
Ya zabura kamar ya taka garwashi:
"Haba Nomau! Fata ce fa!"
Ya taya biyar.
Maƙerin da bai taɓa gani ba, ya biya shi bai yi tari ba,
ni da ya san ubana, ya san ƙofar gidanmu a Birni,
ni ne na ciniki.
Nisa ma haja ce ashe, tana da kuɗinta.

In ka tambaye ni ko ta ci kuɗin,
zan ce ƙarfen ya ci nasa, ƙotar ta ci nata,
haƙurin maƙerin ya fi su duka cancanta.
Saura kuwa na suna ne,
da na kunnen mai takalma.
Wane irin kaya ne wannan
da ranar sa'arsa ita ce ranar da bai fito ba?
Ita barci za ta yi, Allah ya sa ta dawwama a haka.
Kuben ne zai sha gumi, ya sha zafin Damagaram,
ya goga da kujerar mota har Agadas.

Mun tsaya a takwas.
Ya tafi yana ganin ya ci riba.
Na wasa basilla, na zaɓi fatar gadon baya,
na sa ɗinki biyu ta ciki, inda ba mai leƙawa,
don wancan maƙerin na ƙasar sanyi,
da ba zai taɓa jin sunana ba.