Sashe na Goma Sha Tara

Shekara ashirin da shida ina tsara wa jihar nan dokoki
a ɗakin ƙasa, ƙarƙashin majalisa,
inda bututun ɗumama ɗaki ke kwana tari duk hunturu.
Babu wadda ke ɗauke da sunana.
Amma layin ƙarshe nawa ne, ni Lorna Vesely,
shi nake liƙawa in kowa ya gaji da musu:
"In kotu ta soke wani sashe, saura na nan daram."
Ba mai karanta shi.
Tayar safaya ce, sai ranar faci ake tuna ta.

Dokar rijiyoyin noma ce, ta bakin Kogin Platte.
Sashe na huɗu ya ce a auna ruwa.
Na tara ya ware kuɗi ga wanda tasa ta ƙafe.
Na sha ɗaya ya ce ɗan wata jiha
ba zai ja ko cikin guga ba.

Don na sha ɗayan nan Orval Tiedemann ya ɗaga hannu,
manomin masara, tafinsa duk kanta.
Ya ce, "Ku ba ni katanga, in yarda da ma'auni."
Da ƙuri'arsa ɗaya tal doka ta haye.

An yi girbi uku, maƙwabta suka kai ƙara.
Alƙaliya Ostrander ta ce tsarin mulkin ƙasa
bai san katanga irin wannan tsakanin jiha da jiha ba.
Ta ɗora wuƙa, sai ta dakata,
ta tambayi takarda:
in na cire ka, 'yan'uwanka za su iya tsayuwa?
Waɗanda suka haife ku za su so ragowar?
Ta buɗe shafin ƙarshe, ta iske ni zaune.
Ta yanke ruɓa, ta bar kabewa.

Ran Talata Orval ya sauko matakala,
ƙanƙara na narkewa a kafaɗar kwat ɗinsa.
Bai zauna ba.
"An rushe katangata, an bar min ma'auni a rijiya.
Wa ya ce na so rabi?"
Na nuna masa layin.
Ya sa tabarau, ya bi shi da yatsa, sau biyu.
"Ni na amince da wannan?"
Na ce, har da shi ka ɗaga wa hannu.

Ban faɗa masa ba cewa a makon nan
cekin sashe na tara ya isa gidan Imelda Pokorny,
wadda ke sayen ruwan tanka tun rasuwar mijinta.
Da dokar ta faɗi ɗungurungum, da ita ma ta tafi da shi.
Ban faɗa ba, don ba amsar tambayarsa ba ce.

Ya hau sama a hankali, yana riƙe da ƙarfe.
Na koma kan sabuwar doka, ta gadojin karkara.
Na kai ƙarshe.
Yatsuna sun san layin ba sai na duba ba,
amma yau sai da shayina ya huce
kafin na buga shi.