Layi na Arba'in da Bakwai

Ni ce Arlys, mai buga kundin darussa,
shekara ashirin da shida a ɗaki mai taga guda
ƙarƙashin hasumiyar ƙararrawa,
a 'yar jami'ar Lutaran da masara ta kewaye a Minnesota,
wadda in atishawa ta kama ka a mota
sai ka wuce ta ba ka sani ba.

Ɗalibanmu ɗari tara ne da 'yan kai.
Na san mai bashin littafi,
na san mai kuka a ɗakin wanki,
na san wanda uwarsa ke aiko wa da cuku duk Juma'a.
Gani nake, ba gulma ba.

Ran Litinin takarda ta sauko daga bene:
a goge layi na arba'in da bakwai.
Helenancin Sabon Alkawari, Farfesa Orlin Haugland,
takwas na safe, aji na shida.
Mutum uku suka yi rajista,
uku kuwa ba su isa biyan wutar ɗumama ɗaki ba.

Aikin jinya ya cika ya tumbatsa,
ilimin kasuwanci har da masu jiran gurbi.
Ban ga laifin yaran nan ba,
bashi ke jiran su a bakin ƙofa,
kuma baƙin Helenanci bai taɓa tafasa tukunya ba.

Ƙarfe goma ƙararrawa ta kaɗa a kaina,
aka ajiye alli, aka nufi majami'a.
Orlin na bencinsa, ƙanƙara na narkewa a takalminsa.
Ya miƙo mini littafin waƙa a buɗe, kamar kullum,
bai san yatsan da ya karɓa
shi aka aika ya goge shi ba.

Na san su ukun.
Signe, da ke tatsar shanun ubanta tun asuba,
ta iso aji da warin garke a rigar sanyi.
Pakou, 'yar ajin jinya, mai tambayar da ba ta ƙarewa.
Sai Delbert, direban motar share ƙanƙara,
sittin da uku, matarsa ta rasu da kaka,
so yake ya gani da idonsa
ko alkawarin da aka karanta a bakin kabarinta
haka yake tun asali,
ba a ƙara masa gishiri ba.

Na goge.
Dannawa ɗaya.
Na arba'in da takwas ya matso ya gyara zama
kamar wani bai taɓa zama a wurin ba.

Janairu, sanyi na cizon haƙori,
na yi sammako don motata ba ta da alkawari.
Sai ga fitila a madafar ƙasan majami'a,
inda mata ke jera butocin kofi na ranar jana'iza.
Kawuna huɗu.
Delbert ya share hanya tun biyar,
Signe ta kawo madara da ɗuminta,
Orlin na rubutu da yatsa a tururin taga,
kalma na tsiyaya kafin a gama karanta ta.
Ba maki, ba rasit,
ba wanda ya nemi izinin bene,
benen ma bai tashi daga barci ba.

Pakou ta jawo kujera da ƙafa.
Na ce, ni fa buga takarda na iya.
Orlin ya ce, baƙaƙen ashirin da huɗu ne kacal,
na farkon ma kifi ne, dube shi.
Na duba. Kifi ne.
Bai tambaye ni zancen layin ba,
ni ma ban ɗauko ba.

Kundi ya ce babu darasin.
Ni na buga kundin, ai na sani.
Gobe bakwai da rabi,
kuma ban yi aikin gida ba.